Daga Jakar Douglas Zuwa Na'urar Cinya: Tarihin Auna Gajiyar 'Yan Wasa

Tun da aka fara dambe da kokawa da tsere, masu horar da 'yan wasa ke fama da tambaya guda: yaushe wahalar atisaye take zama magani, yaushe kuma take komawa cuta? A ƙasar Hausa ubangidan ɗan dambe yakan dubi hakin yaronsa da rawar ƙafarsa, ya ce a dakata. A yau kuwa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ana ɗaura ta a cinya, tana faɗin yawan iskar oksijin da ta rage a cikin tsoka alhali mutum yana cikin gudu. Abin da ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihinta shi ne, babban yankinsa a kusa da mu aka yi shi. Daga tashar Seven Sisters da ke nan Tottenham inda nake zaune, tasha biyar ce kacal a layin Victoria zuwa Warren Street, bakin University College London, wato UCL.

Mafarin zancen shi ne A. V. Hill, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1922 saboda bincikensa kan tsoka, ya kuma koma UCL a 1923. Shi kansa mai son gudu ne. Yakan goya jakar da Claude Douglas ya ƙirƙiro a 1911, yana gudu yana fitar da numfashinsa a cikinta, daga baya a auna iskar. Da haka shi da Hartley Lupton suka nuna cewa jiki yana da iyakar oksijin da zai iya sha, komai ƙarin saurin mutum. Sai dai jakar labarin jiki gaba ɗaya take bayarwa, ba ta san abin da ke gudana a cinyar dama ko ta hagu ba.

Wanda ya fara leƙa cikin tsokar da haske shi ne Glenn Millikan, Ba'amurke da ya yi aiki a Kambirij. A 1937 ya wallafa yadda ya haska tsokar kyanwa mai rai, ya ga launinta yana sauyawa da zarar ta fara aiki. Dalili kuwa, jini mai ɗauke da oksijin ja ne jawur, wanda ya sauke kayansa kuma yakan yi duhu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da dabarar na'urar da ake maƙala wa matuƙan jirgin sama a kunne.

Matsalar ita ce hasken da ido ke gani ba ya nisa a cikin jiki. Frans Jöbsis na Jami'ar Duke ya warware ta a 1977, da ya nuna cewa hasken da ke gaba kaɗan da ja, wanda ido ba ya gani, yana ratsa fata da nama har da ƙashi. Nan fa UCL ta sake shigowa. A shekarun 1980, David Delpy da Mark Cope da likitocin jarirai Osmund Reynolds da John Wyatt suka yi amfani da hasken wajen auna oksijin a ƙwaƙwalwar bakwaini, suka kuma gyara lissafin da ke mai da haske zuwa adadi. Ashe mai karatu, na'urar da ɗan tsere ke taƙama da ita, a ɗakin bakwaini ta yi rarrafe.

Britton Chance na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya ci zinare a tseren jirgin ruwa a Olamfik ta 1952, yana cikin waɗanda suka kai ta fagen wasa. A 1992 ya wallafa bincike kan cinyoyin masu tseren kwale-kwale. A 2012 kuma Catherine Hesford da Chris Cooper na Jami'ar Essex, tare da Marco Cardinale, suka ɗaura wa masu tseren zamiya a kan ƙanƙara na'urar PortaMon marar waya, suka gano cewa ƙafar dama ta fi ta hagu rasa oksijin saboda yawan shan kwana. Wannan abu ne da agogon bugun zuciya ba zai taɓa nunawa ba. Ba da jimawa ba irin su Moxy suka shigo kasuwa. Koci yakan dubi adadin: in ya sauka ya tsaya wuri guda, ɗan wasa zai iya jurewa, in ya yi ta gangarawa, gajiya ta kusa, saurin dawowarsa kuma shi ke nuna ko hutu ya isa.

To amma akwai inda gizo ke saƙar, kuma mu ya fi shafa. Hasken bai wuce kimanin santimita 2 yake shiga ba, don haka kitse yana rikita shi, sinadarin melanin da ke sa fatarmu baƙi kuma yana shanye wani kasonsa. A Disamba 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar'uwarta, na'urar da ake sa wa majiyyaci a yatsa, ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku. Rahoton Margaret Whitehead da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, wanda ya fito a Maris 2024, shi ma ya tabbatar da akwai gyara.

Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Matasan da ke atisaye a filin New River da cibiyar Lee Valley, da yawansu fatarsu irin tamu ce, haka 'yan wasan Kano Pillars da 'yan damben Sakkwato. Idan adadin da na'ura ta bayar ba daidai ba ne, ko a takura yaro har ya ji rauni, ko a sassauta masa har a wuce shi. Ina ganin ga fage a buɗe ga 'yan'uwa masu karatun likitanci da injiniyanci da kimiyyar wasanni: a gwada na'urar a kan fatarmu, mu kuma mu kasance cikin masu gwajin.