Na'urar ƙara danshi a ɗaki da matsalar farar ƙura

A ƙasashe masu tsananin sanyi, inda na'urorin ɗumama gida kan busar da iska, mutane da dama na amfani da na'urar ƙara danshi a ɗaki domin rage bushewar fata da maƙogwaro. Irin wannan bushewa ce ake fama da ita lokacin hunturu a yankin Sahel.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar cewa danshin cikin gida ya kasance tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

Sai dai amfanin na'urar ya dogara ne a kan irin ruwan da aka zuba mata.

Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse kan ƙunshi ma'adinai kamar kalsiyam da maganiziyam. Su ne ke barin farin ɓawon nan mai kama da kanwa a gindin butar shayi.

A na'urar da ke tafasa ruwa, ɓawon kan taru ne a cikinta har ya rage mata ƙarfi. Wadda kuwa ke farfasa ruwa da girgiza mai tsananin sauri, takan watsa duk abin da ke cikin ruwan zuwa iska. Idan ɗigon ya bushe, sai ma'adinan su sauka a kan kayan ɗaki a matsayin farar ƙura, wadda ƙanƙantarta ta kai a shaƙe ta har cikin huhu.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya raba shi da dukkan ma'adinan. Shi ya sa ake ba da shawarar ruwan da aka tara daga tururi, ko wanda aka tace ta hanyar da ake kira RO.

A wannan hanya, ana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani siririn tantani da ke barin ruwa ya wuce amma ya tare mafi yawan gishirin da ya narke a ciki, sau da yawa fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su ne suka samar da tantanin da ya dace da wannan aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles wajajen 1960, kuma garin Coalinga ya soma shan irin wannan ruwa a 1965.

Aibin ƙananan matatun gida shi ne ɓarna, domin ruwan da suke zubarwa yakan fi wanda suke tacewa yawa.

Tataccen ruwa kuma ba ya ɗauke wajibcin tsafta. Hukumar ta Amurka ta ce a sauya ruwan kullum, a kuma wanke na'urar duk bayan kwana uku.

Zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ciki ya fi komai haɗari. A 2011, hukumomin Koriya ta Kudu sun gano cewa irin wannan sinadari ne ya lalata huhun mutane da dama, ciki har da mata masu juna biyu da ƙananan yara, lamarin da ya yi sanadin mutuwar ɗaruruwan mutane kuma ya sa aka janye shi daga kasuwa.