Yadda Aka Faɗaɗa Babur Mai Ƙafa Huɗu

A 1970 kamfanin Honda ya kai Amurka babur mai ƙafa uku don yawo a rairayi da gonaki. Ya samu karɓuwa, sai dai shan kwana da gudu kan kifar da shi, kuma yara da yawa sun halaka. A 1988 kamfanonin da ke ƙera shi suka amince da gwamnatin Amurka su daina sayar da shi. Tun 1982 kuwa Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu.

Shi ma yana kifewa, don haka masu tsere suka shiga faɗaɗa shi. Wasu suka saka faifan alminiyom tsakanin taya da mazauninta. Ga araha, ga sauƙin ɗaurawa, amma yana cin boris, kuma duk dutsen da tayar gaba ta taka sai kan babur ya fizgi hannun mahayi. Wasu suka sauya hannayen ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba da dogaye, tare da sandunan sitiyari da igiyar birki. Akwai tsada, amma ga mai tsalle da gudu, wannan ne gyaran da ya dace.

A 2006 Suzuki ya fitar da mai ƙafa huɗu samfurin LT-R450 da faɗinsa na tsere tun daga masana'anta.