Kare Martabar Aure: Daga Dokar 2014 Zuwa Takardar Saki

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla shi, da shekara 10 ga shaidu da mataimaka. Da wuya a sami batun da ya haɗa kan masallaci da coci kamar wannan. Cocin Angalikan ta Nijeriya ta ja daga da takwararta ta Amurka tun 2003, lokacin da aka naɗa Gene Robinson, ɗan luwaɗi, bishop a can. Hujjar malaman addinan biyu iri ɗaya ce: aure amana ce tsakanin namiji da mace, a kansa nasaba da gado da tarbiyya suka tsaya. Kotun Ƙolin Amurka kuwa, a hukuncinta na 2015 kan auren jinsi, ta dube shi ta fuskar 'yancin mutum.

Abin da wannan maƙala ke jayayya a kai shi ne cewa haɗin kan nan bai ci mana komai ba, domin ƙin abin da yake nesa ba ya buƙatar sadaukarwa. Ɓarnar da ke cin gidan Bahaushe tana cikin gida. Miji ya rubuta layi biyu a takarda, ya miƙa wa matarsa da dare, ta fita da goyo da ƙullin kaya, alhali farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita daga ɗakinta kafin ta gama idda. Ciyar da 'ya'yan kuma ya koma wuyan tsohon da ya aurar da ita. Huɗubobi nawa aka ware wa wannan?

Gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hisba a 2012, wanda shi kansa shaida ne na yawan mutuwar aure. Amma da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali a 2017, har da hana mara hali ƙara mata, sai aka yi masa ca.

Duk mai kafa hujja da addini wajen ƙin auren jinsi, to addinin ya ɗaure shi da haƙƙin ciyarwa da idda da adalci tsakanin mata. Malamai da majalisun jihohi su dawo da zancen dokar iyali, alƙalai kuma su tilasta wa uba ciyar da 'ya'yansa bayan saki.