Kujera ta Biyu a Tsaunukan Madoniye

Mahaifina ya shekara goma sha ɗaya yana yaron mota kafin a damƙa masa sitiyari, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayar sunansa idan an iso lafiya. Wataƙila shi ya sa duk lokacin da na kalli tsofaffin hotunan tseren motoci na Targa Florio, idona kan tsallake direba ya sauka kan mutumin da ke maƙale a gefensa.

An fara wannan tsere ranar 6 ga Mayu, 1906, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Wanda ya assasa shi, Vincenzo Florio, saurayi ne ɗan shekara 23, daga gidan attajiran Palermo da suka tara dukiya da jiragen ruwa da kifi da giyar Marsala. Hanyar da ya zaɓa ta ratsa tsaunukan Madoniye, ba kwalta, sai ƙura da taɓo da kwanoni marasa adadi, tana bi ta tsakiyar ƙauyuka irin su Cerda da Collesano. Motoci goma suka tashi, domin zagaye uku na kilomita 148 kowanne. Alessandro Cagno ya zo na ɗaya a motar Itala bayan fiye da awa tara.

Cagno tuƙi ne sana'arsa, amma da yawa daga abokan kararsa 'ya'yan sarauta ne da masu hannu da shuni, waɗanda kan sayi mota da kuɗinsu, su shiga tsere don sha'awa da neman suna. A 1909 wani basarake ɗan Sisili, Francesco Ciuppa, ya yi nasara, Florio da kansa ya bi masa baya. Wanda ya fi su shahara shi ne Giulio Masetti, ɗan gidan sarauta daga Tuskani. Ya ci tseren a 1921 da motar Fiat, ya maimaita a 1922 da Mercedes tasa ta kansa, ya bar direbobin kamfanoni a baya, har aka yi masa laƙabi da Zakin Madoniye. A 1926 motarsa ƙirar Delage ta kife da shi a kan tsaunukan, ya mutu. Ba maza kaɗai ba ne: Eliška Junková, matar wani ma'aikacin banki daga Prag, ta riƙa taka hanyar da ƙafa tana haddace kwanoninta, kuma a 1928 ta ja gaba na wani lokaci kafin ta ƙare ta biyar. A shekarar nan mijinta ya mutu a tseren Jamus, ta daina tsere.

Ba na musun jarumtarsu. Mutumin da ya gaji abin da zai ci har ya mutu, ya kuma zaɓi ya jefa ransa a bakin kwazazzabo, ya cancanci a tuna da shi. Abin da ke damuna shi ne rabon yabon. A farkon shekarun tseren kusan kowace mota na ɗauke da makaniki. Shi ke buga famfon mai da hannu, shi ke sauya taya idan dutse ya yaga ta, shi ke waiwaye ya faɗa wa maigida wa ke tafe. Idan mota ta kife, tare suke kifewa. Bambancin kawai shi ne, maigida nishaɗi ya kawo shi, makaniki kuwa abinci yake nema. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka ma manoman da ake killace wa dabbobi ranar tsere, motoci na wucewa daf da ƙofofinsu.

Sannu a hankali kamfanoni suka mamaye fagen. Bugatti ta ci daga 1925 zuwa 1929, Alfa Romeo ta karɓa daga 1930 zuwa 1935, mai sha'awa ya koma ɗan rakiya. Florio ya rasu a 1959. A 1977, bayan wani haɗari da ya kashe 'yan kallo, aka daina tseren a tsohuwar sigarsa.

Akwai dutsen tunawa a inda Masetti ya faɗi, kuma ya dace da shi. Ni dai idan na buɗe jerin waɗanda suka yi nasara, nakan ƙirga mutum biyu a layukan farko, ko da suna ɗaya aka rubuta.