Transdusa (na'urar auna zurfin ruwa)

Transdusa shi ne ɓangaren na'urar auna zurfin ruwa da ke nutse a cikin ruwa a ƙarƙashin jirgi ko kwale-kwale. Aikinsa shi ne mayar da lantarki zuwa sauti, ya aika shi ƙasan kogi ko tafki, sannan ya karɓi amsa-kuwwar da ta dawo. Daga lokacin da sautin ya ɗauka ne na'urar ke lissafa zurfi, ta nuna shi a kan allo.

Tarihi

Bincike kan amfani da sauti a ƙarƙashin ruwa ya ƙaru bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912. A 1913 Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar dabarar auna zurfi da amsa-kuwwa. Paul Langevin na Faransa kuma ya ƙera transdusa da dutsen kwats a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yadda yake aiki

A cikin transdusa akwai wani faifan tangaran na musamman da ke girgiza idan lantarki ya ratsa shi, kuma yana fitar da lantarki idan sauti ya girgiza shi. An lulluɓe faifan da roba mai tauri ko tagulla don kada ruwa ya shiga. Ƙananan jirage sun fi amfani da kilohaz 200 a ruwa mara zurfi, da kilohaz 50 a mai zurfi. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan kogi, don haka a zurfin mita 10 zuwa da dawowarsa ba su wuce kashi 1 cikin 74 na daƙiƙa ba.

Ana maƙala shi a bayan jirgi, ko a huda ƙasan jirgin a zura shi, ko a manna shi daga ciki.

Adana shi a lokacin ƙanƙara

A ƙasashe irin su Kanada, Finland da arewacin Amurka, ana fitar da yawancin ƙananan jirage daga ruwa kafin tafkuna su daskare. Sanyi shi kaɗai ba ya yi wa faifan illa sosai. Ruwan da ya maƙale ne matsalar, domin idan ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ɗan tsagin da ido ba ya gani kan buɗe, ruwa ya isa ga faifan ko ga wayar. Abin da ya fi haɗari shi ne na'urar ba lallai ta mutu ba. Tana iya ci gaba da nuna lambobi marasa daidai, matuƙi ya yarda da su har jirgi ya hau dutse.

Saboda haka ana wanke fuskarsa da sabulu mai laushi da tsumma, ba da fetur ko tina ba, don suna cin roba. Ana duba tsagi, a busar da shi, a cire batir, a kai allon cikin ɗaki. Wanda aka zura ta ƙasan jirgi, in mai ciruwa ne, ana zare shi a toshe ramin da marfinsa. Wanda ke zaune cikin ɗan kofi a cikin jirgi kuwa, ba a cika kofin da ruwa zalla, sai da ruwan hana daskarewa. Kuma ba a kunna transdusa mai ƙarfi a waje da ruwa, domin yana iya yin zafi ya lalace.

A arewacin Najeriya

Ruwa ba ya daskarewa a Kaduna ko da a tsakiyar hunturu, amma a nan ma akwai watannin da jirgi ke zaman banza. Da rani Kogin Kaduna yakan janye har duwatsu su bayyana, transdusan da ke bayan jirgi kuma shi ne ke fara bugun dutse ko gugar yashi idan ana jan jirgin zuwa gaɓa. Zafin rana na busar da roba ta tsage, ƙurar hunturu ta cika mahaɗar waya, ɓeraye su gwaguyi wayar a ma'aji. Gara a kwance shi a ajiye a inuwa, a naɗe wayar ba tare da an lanƙwasa ta sosai ba.

Masunta kaɗan ne ke da irin wannan na'ura, gora ce ma'aunin yawancinsu. An fi buƙatarta wajen gano yawan laka da yashin da suka taru a madatsun ruwa irin su Kangimi, wadda ke taimaka wa birnin Kaduna da ruwan sha, da Shiroro da ke kan Kogin Kaduna a Jihar Neja. Idan awon ya yi kuskure, lissafin ruwan da ya rage a madatsa ma zai yi kuskure. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, Kaduna, wadda aka kafa a 1979, tana horar da ma'aikata a fannin ruwa, yayin da hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ke kula da hanyoyin jiragen ruwa na cikin ƙasa.

Kafin a fara aiki bayan dogon ajiya, ana gwada na'urar a wurin da aka san zurfinsa, a kwatanta abin da allo ya nuna da awon igiya mai nauyi a baki.