Zaman rukuni na iyalan masu ciwon sikizofireniya

Zaman rukuni na iyalai wata hanya ce ta jinya inda ake tara ƴan uwan masu fama da ciwon sikizofireniya, uwa ce ko uba, mata ko miji, wa ko ƙanwa, su riƙa zama lokaci zuwa lokaci tare da ma'aikacin lafiya da ya san ciwon. A zaman ana koya musu abin da ke damun ɗan uwansu, ana nuna musu yadda za su zauna da shi ba tare da gidan ya rikice ba, su kuma suna faɗa wa juna abin da ba sa iya faɗa a unguwa. A wasu tsare-tsaren maras lafiyan yana halarta, a wasu kuma iyalin kaɗai ake so.

Sikizofireniya nau'i ne na taɓin hankali mai daɗewa. Likitan ƙasar Suwis Eugen Bleuler ne ya ba shi wannan suna a 1908. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum kimanin miliyan 24 ke ɗauke da shi, wato ɗaya cikin 300. Yakan fara daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma ya fi saurin bayyana ga maza. Mai ciwon yana iya jin muryoyin da ba wanda ke jin su, ko ya tabbata a ransa ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, maganarsa ta watse. Akwai kuma ɓangaren da ba ya tayar da hayaniya, amma shi ya fi cin ran iyali: mutum ya daina wanka, ya bar gona ko kasuwa, ya wuni a ɗaka bai ce uffan ba. Gidaje da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin lalaci ko raini, alhali ciwon ne.

An daɗe likitoci ba su ɗauki iyali abokan aiki ba. A 1948 wata likita a Amurka, Frieda Fromm-Reichmann, ta yaɗa ra'ayin cewa halin uwa ne ke haddasa ciwon, kuma iyaye mata sun sha wannan zargi shekaru da dama kafin bincike ya watsar da shi. Abin da ya sauya lissafi shi ne magani. A 1952 likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin kuloropromazin, wanda aka sani da Largactil; haloperidol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958. Aka fara sallamar mutanen da suka shekara da shekaru a asibiti, nauyinsu ya koma kan gida.

A nan ne George Brown da abokan aikinsa a Landan suka lura cewa wasu daga cikin waɗanda aka sallama suna saurin komawa asibiti, kuma abin yana da nasaba da yanayin gidan da suka koma. Sun ware abubuwa uku: yawan suka da gori, nuna ƙiyayya, da kuma rawar jiki da ta wuce kima, irin ta uwar da ba ta barin ɗanta ya motsa sai tana kansa. A 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka haɗa alƙaluman marasa lafiya 128: cikin wata tara, ciwon ya tashi wa kashi 51 cikin ɗari na waɗanda ke gidajen da wannan zafi ya yi yawa, a gidaje masu sanyi kuwa kashi 13. Haɗarin yakan ƙaru idan maras lafiyan yana shafe fiye da awa 35 a mako fuska da fuska da mai jinyar, yakan ragu idan yana shan magani. Wannan sakamako bai ce iyali ne suka jawo ciwon ba. Gajiya da tsoro ne ke sa mai jinya faɗa, faɗan ya tunzura maras lafiyan, tashin ciwon ya ƙara gajiyar da mai jinya. Zaman rukuni an ƙirƙiro shi ne don a yanke wannan zagaye.

Daga 1980 zuwa gaba tsare-tsare suka yawaita. Carol Anderson da Gerard Hogarty a Pittsburgh suka fito da ilimantar da iyali, Ian Falloon ya mayar da hankali kan koyar da magana da warware matsala a cikin gida, William McFarlane kuma ya haɗa gidaje biyar zuwa takwas a zama ɗaya, sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya da rabi, ƙarƙashin ma'aikata biyu. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci wanda aka fi sani shi ne Profamille, wanda ya samo asali daga Kebek ta ƙasar Kanada a shekarun 1980, daga baya Dokta Yann Hodé ya faɗaɗa shi a Faransa. Kashinsa na farko zama 14 ne, kowane awa huɗu, kuma iyali kaɗai ke halarta. Akwai kuma ƙungiyoyin da iyalai suka kafa da kansu, kamar UNAFAM a Faransa tun 1963 da NAMI a Amurka tun 1979, inda waɗanda suka daɗe da jinya ke koyar da sababbi.

A tsarin McFarlane zama yana farawa da hira ta yau da kullum, ba a taɓa zancen ciwo. Da gangan ake yin haka, don da yawa daga cikin masu jinya sun daɗe ba su yi hirar da ba ta ciwo ba. Sai a zagaya kowane gida ya faɗi yadda makonnin suka wuce, a zaɓi matsala guda ɗaya. A ce wata uwa ta ce ɗanta ba ya tashi sai azahar. Kowa zai kawo shawara, a rubuta duka ba a kushe ko ɗaya ba, a auna amfanin kowace da illarta, uwar ta zaɓi ɗaya da za ta gwada, ta dawo da labari a zama na gaba. Sau da yawa shawarar da ke aiki daga bakin wata uwa take fitowa, wadda ta sha irin wannan ruwa shekara biyar da suka wuce, kuma abin da likita zai faɗa a ƙi ji, idan ita ta faɗa sai a karɓa.

Darussan da ake maimaitawa ba su da wuyar fahimta, aiki da su ne ke da wuya. A yi magana a gajarce, buƙata ɗaya a lokaci ɗaya. Kada a yi gardama da maras lafiya kan muryoyin da yake ji, kada kuma a gaskata masa su; ana iya cewa "ni ban ji ba, amma na ga abin ya tsorata ka". A rage buri, a yaba ƙaramin ci gaba. A san alamun tashin ciwo tun da wuri, musamman rashin barci da keɓe kai da zargin mutane. Ana kuma ɗaukar lokaci kan magani, domin tsofaffin magungunan suna iya kawo sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau da yawan barci, kuma iyalin da ba a gargaɗe su ba sukan dakatar da maganin suna ganin shi ke ƙara ciwon. Akwai maganin da ke rage waɗannan illoli, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ƙwaya ke ba shi wahala. Tabar wiwi tana tayar da ciwon, wannan ma ana faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Sa iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a Nijeriya, inda maras lafiya ke sauka a gidajen ƙauye tare da ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana. A asibitin Fann na Dakar, zamanin Henri Collomb, ana kwantar da maras lafiya tare da mai rakiya daga danginsa, ana kuma yin taron da ake kira penc, inda marasa lafiya da dangi da ma'aikata ke zama su tattauna kamar a dandalin gari. A Nijar likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, don haka iyalin da ke ƙauyukan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa sukan fara da malami ko boka kafin su isa asibiti, wani lokaci bayan an sayar da dabba ko gona. Mai jagorantar zama da ya san aikinsa ba ya buɗe baki da ƙaryata aljanu ko sammu, don ranar zai rasa rabin mahalarta; abin da yake nema shi ne kada addu'a ta sa a ajiye magani, kuma a kwance mari. Ɗaure masu taɓin hankali ba a nan kaɗai ake yin sa ba: rahoton Human Rights Watch na 2020 ya same shi a ƙasashe 60. Iyali da yawa suna ɗaurewa ne don ba su san wata dabara ba, kuma zaman rukuni wuri ne da ake samun dabarar.

Amfanin hanyar ya tabbata a bincike da yawa: ciwon ba ya yawan tashi, kwanciya asibiti tana raguwa, shan magani yana ɗorewa. Amma sai an jure. Hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar zama aƙalla goma, cikin wata uku zuwa shekara guda. Taron yini ɗaya na wayar da kai ba ya kai wa nan. Zaman ba ya maye gurbin magani, kuma ba wurin kai maras lafiyan da ciwonsa ya tashi ba ne. Wanda ke maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko ya ɗauki makami, asibiti za a kai shi a ranar. Sai kuma batun sirri, wanda a garuruwanmu ya fi komai nauyi, tunda labarin hauka a gida yana iya hana ƴan matan gidan aure. Shi ya sa a zaman farko ake ƙulla alkawari cewa abin da aka faɗa a ɗakin ba zai fita ba, wasu wuraren kuma sukan raba zaman mata da na maza don surukai su saki jiki su yi magana.