Tara tsofaffin injinan wanki

Tara tsofaffin injinan wanki wata al'ada ce ta neman injinan wankin tufafi da aka daina ƙerawa, a gyara su, a adana su saboda tarihi. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, inda irin waɗannan injina suka fara shiga gidaje da yawa. Masu tarawa sun haɗa da injiniyoyi da makanikai da gidajen tarihi. Yawancinsu suna kallon injinan a matsayin shaidar yadda aikin gida ya sauya, musamman wanki, wanda a da yakan cinye wa mace yini guda cur.

Tarihi

A shekarar 1767 Jacob Christian Schäffer ya wallafa zanen wani injin wanki na hannu a Jamus. A Amurka kuwa, Nathaniel Briggs ya samu takardar mallakar ƙirƙira a kan na'urar wanki a 1797, amma gobarar da ta cinye ofishin ajiye takardun a 1836 ta haɗa da bayaninta. Wannan asara na daga cikin dalilan da masu tarawa ke ba ainihin injin muhimmanci, domin idan takarda ta ɓace, injin ne kawai zai nuna yadda aka ƙera shi.

Injinan ƙarni na 19 mafi yawansu bahon katako ne da ake juya kayan cikinsa da hannu. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Hurley na Chicago ya fitar da Thor, ɗaya daga cikin injinan farko masu aiki da lantarki da suka shiga kasuwa. A 1937 kamfanin Bendix ya fito da injin da ke wanki da ɗauraya da matsewa ba tare da an sa masa hannu ba.

Injinan da aka fi nema

Injinan kamfanin Maytag na garin Newton a jihar Iowa suna cikin waɗanda aka fi tarawa. Kamfanin ya fara ƙera injin wanki a 1907. A 1915 ya fitar da wani mai amfani da fetur, saboda manoman karkara da lantarki bai kai gare su ba. A 1922 ya kawo samfurin Gyrafoam, mai bahon alminiyam da wata sanda mai fukafukai a tsakiya da ke kaɗa ruwa da tufafi. A saman bahon akwai robobi biyu masu juyawa, waɗanda ake tura tufafi tsakaninsu su matse ruwan. Wasu samfuran ma akan ɗaura musu abin kaɗa madara ko na niƙa nama. Maytag ya daina ƙera injin mai robobin matsewa a 1983.

A Birtaniya an fi sha'awar injina masu baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na tsane ruwa, irin Hoovermatic na kamfanin Hoover da ya fito a 1957.

Gyara

Babbar matsalar tsohon inji ita ce tsatsa da bushewar roba. Mai gyara yakan kwance injin gaba ɗaya, ya kankare tsatsa, ya wanke giyoyi ya sa musu sabon mai, ya canza bel da robobin da ke hana yoyo, sannan ya yi fenti. Idan bahon katako ne, akan jiƙa shi da ruwa har katakon ya kumbura ya toshe kafofin. Da yake an daina ƙera kayan gyaran da yawa, sau da yawa ana sadaukar da inji ɗaya don a tayar da wani.

Injinan fetur na Maytag ana gauraya musu fetur da baƙin mai, kuma da ƙafa ake tayar da su kamar babur. Akwai masu tara waɗannan ƙananan injina kaɗai, ba tare da bahon ba.

Haɗari

Robobin matsewa sun sha kama yatsu da hannaye da gashi, musamman na yara, shi ya sa aka riƙa sa musu abin da ake bugawa su saki nan take. Tsofaffin wayoyi kan iya sa wuta ta ja mutum, don haka akan sake su kafin a kunna injin. Hayaƙin injin fetur kuma yana kisa a rufaffen ɗaki, saboda haka ake fitar da shi waje ta bututu.

Gidan tarihin Lee Maxwell

Sanannen wurin da aka tara irin waɗannan injina yana garin Eaton a jihar Colorado. Lee Maxwell, tsohon farfesan injiniyancin lantarki a Jami'ar Jihar Colorado, shi ya kafa shi bayan ya yi ritaya. Ya tara injina sama da 1,000, ya gyara da yawa daga ciki da hannunsa, kuma kundin Guinness ya sanya tarin a matsayin mafi girma a duniya. Bincikensa ya ƙalubalanci labarin da ya yaɗu cewa Alva J. Fisher, wanda ya samu takardar mallaka a 1910, shi ne ya ƙirƙiro injin wanki na lantarki. Maxwell ya nuna cewa akwai irinsu kafin nasa.

Muhimmanci

Masana sun daɗe suna danganta injin wanki da samun lokacin karatu da aikin albashi ga mata. A 2010 masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang ya yi iƙirarin cewa injin wanki ya fi intanet sauya duniya. A shekarar ce kuma Hans Rosling ya gabatar da wata lacca a kan yadda injin ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa aiki har ta samu lokacin karanta masa littattafai. Har yau wasu iyalan al'ummar Amish a Amurka suna wanki da tsofaffin injinan Maytag, waɗanda suke haɗawa da injin fetur ko matsattsiyar iska.